Shi Aka Kira, Mu Duka Muka Biya

A Bukuru aka haife ni, a barikin ma'aikatan kuza. Mahaifina ya sauko daga duwatsun wajen Pankshin tun yana saurayi ya kama aikin haƙar kuza, mahaifiyata kuma tana suyar ƙosai a bakin hanya. Da wuya ka ambaci ƙabilar Filato ko ta kudancin Kaduna da ba ta da ɗaki a barikin nan, kuma Hausa ce ta haɗa mu. Da ita ake ciniki, da ita ake faɗa a bakin famfo, da ita ake sujada ran Lahadi. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa na fara haɗa baƙi, domin Baba yakan zaunar da mu da dare a gaban fitilar ƙwai ya sa mu bi layi da yatsa. Don haka maganar Yesu a Luka 9:23, cewa mai son binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mun haddace ta a makarantar Lahadi, mun rera ta a waƙa. Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne, idan mutum ɗaya a gida ya sunkuya ya ɗauki nasa, nauyin yakan sauka har a kafaɗun waɗanda ba su ji kiran ba. A kan wannan zan ba da shaida, domin ni matar mai bishara ce, kuma ba kasafai ake tambayar irinmu yadda abin yake daga cikin ɗaki ba.

Na yi aure a 1988. Maigidana akawu ne a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, ni kuma ina da rumfa a babbar kasuwar Terminus da ke Jos, ina sayar da atamfa da leshi. Yaran yanzu ba su ga kasuwar nan da ranta ba. Daga Bauchi, daga Lafiya, daga Yola ake zuwa sarin kaya, idan Kirsimeti ko Sallah ta matso kuwa ko abincin rana ba ka samun zama ka ci. Muna haya a Nasarawa Gwong, ciki da falo, a gidan da Musulmi da Kirista suke girki murhu kusa da murhu. Mun sayi ɗan fili ta hanyar Rukuba, mun zuba harsashi, mun fara tara bulo. Albashinsa a zamanin mulkin soja bai taka kara ya karya ba, amma yana zuwa, ga kuma fansho a gaba. Shi kaɗai ne mai albashi a gidansu. Mahaifiyarsa gwauruwa ce, ƙannensa biyu suna sakandare, duk a wuyansa.

Yana cikin 'yan Sabon Rai, masu fita wa'azi ƙauyuka a ƙarshen mako. Wata fita suka kai wani ƙauye can bayan duwatsu, wajen iyakar Filato da Bauchi, inda babu majami'a, babu makaranta, babu rijiya, mata suna ɗiban ruwa a rafin da shanu suke sha. Tun da ya dawo daga nan barcinsa ya ragu. A 1997, wani dare bayan yara sun kwanta, ya ce da ni, "Uwargida, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina."

Na ce, "Ina jin ka, Maigida."

Ya ce, "Ubangiji yana kirana aikin bishara. Ina so in ajiye aiki in shiga makarantar Littafi Mai Tsarki."

Na daɗe ban ce komai ba. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ni fa? Ya kira ni?"

Ya ce, "Wannan tsakaninki da shi ne. Nawa dai, ba zan ɗaga ƙafa ba sai kin yarda."

Ga mai ji daga waje wannan girmamawa ce, kuma girmamawar ce. Amma ta maido da hukuncin hannuna, ni da ban ji murya ba, ban kuma yi mafarki ba.

Da labari ya kai danginsa aka kira taro. Yayansa ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, yana tambaya wa zai biya kuɗin makarantar yaran nan biyu, wane mai hankali ne kuma yake watsar da fansho. Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Allahn da ya kira ka, ni bai gan ni ba ne?" Na sha jin masu wa'azi suna kwatanta irin wannan tambaya da muryar Shaiɗan mai hana aikin Allah. Ban yarda da su ba. Tambayar gwauruwa ce wadda ta sayar da awakinta ta sa ɗa a makaranta, kuma Littafi yana bayanta. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunta bangaskiya. Yesu da kansa, a Markus sura 7, ya tsauta wa waɗanda suke cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Ba a sadaukar da abincin tsohuwa a kira shi biyayya. Saboda haka a gaban kowa na ce, "Mama, in har ya tafi, abincinku da maganinku suna wuyana." Ta dube ni, ba ta amsa ba.

Ni 'yar kasuwa ce, kuma a Luka 14:28 Yesu ya ce mai son gini ya fara zama ya yi lissafi ya ga ko zai iya gamawa. Na ɗauko littafin da nake rubuta bashin rumfa na juya bayansa na yi ta bugawa. Rumfa za ta iya ɗaukar haya, da abinci, da makarantar yaranmu, da Mama. Ba za ta ɗauki gini ba, ba za ta ɗauki kuɗin makarantarsa ba. Ke nan fili zai tafi, da harsashinsa da bulonsa.

Ina cikin wannan juyayi Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta shirya mana ziyara Miango, wani gari kusa da Jos. Akwai maƙabartar mishan a wurin. Wanda ya zagaya da mu ya ba mu tarihin da muke ji sama-sama tun muna yara: a Disamban 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigo da bishara cikin ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa zazzaɓi ya kore shi, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito, kamar yadda ikilisiyar COCIN ta fito daga aikin su Karl Kumm da suka isa Wase a 1904, ga hedikwatocinsu duka biyu a nan Jos. Ya kuma ba mu labarin mahaifiyar Gowans, wadda da Bingham ya kai mata kayan ɗanta ta nuna ta gwammace ya mutu a can cikin biyayya da ya zauna kusa da ita cikin rashin biyayya. Mata suna ta cewa "Amin", ni kuwa idona yana kan ƙananan kaburbura na 'ya'yan mishan, waɗansu ko yaye ba su kai ba. Yaran nan ba su zaɓi komai ba. Uwayensu ne suka binne su, suka koma aiki. Na tsaya ina tunanin uwa biyu, ta Gowans da surukata, kuma har yau ban iya cewa ɗaya ta fi ɗaya ƙaunar ɗanta ba.

Na dawo gida na ce masa ya tafi. Dalilina biyu ne. Na san mutumin nan ba ya ƙarya, ba kuma ragwancin aiki ne yake korarsa ba. Sannan ranar da aka yi mini baftisma na ce zan bi Yesu, ban gindaya masa sharaɗin ta wace ƙofa zai zo karɓar alkawarin ba.

Muka sayar da fili. Ya yi shekara uku yana karatu, a 2000 aka tura shi ƙauyen nan da ya hana shi barci. A shekarar ce gwamnatin Obasanjo ta ƙara albashi, mafi ƙanƙanta ya koma naira 5,500 a jihohi, 7,500 a tarayya, abokan aikinsa na da suka fara sayen babura. Shi kuwa abin da yake samu ya dogara ga baikon ikilisiyoyi da ƙungiyoyin mata da suka ɗauki nauyin masu bishara, da kayan sawa da hatsin da ake tarawa a makon bishara. Sauran sai ya noma da hannunsa. Muka yanke shawara in zauna a Jos saboda rumfa da makarantar yara. Hanyar ƙauyen sai ka shiga mota, ka sauka ka hau acaɓa, ka sauka ka taka, da damina kuma rafi yakan raba su da duniya. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, amma an yi shekaru kafin sabis ya leƙa bayan duwatsun nan. Saƙonmu a hannun direban a-kori-kura yake tafiya ranar kasuwa. Yaro ya yi zazzaɓi ya warke kafin ubansa ya ji.

Ran Juma'a 7 ga Satumban 2001, ranar da rikici ya ɓarke a Jos, yana can ƙauye. Ina rumfa aka fara gudu. Yadda na isa gida Allah ne kaɗai ya sani, na tarar Hajiya maƙwabciyata ta riga ta kwashe yarana ta shigar ɗakinta. Ta ja ni ciki ta ce, "Maman yara, shiga nan, kada in ji motsinku." Ta yafa mini mayafinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Sau da yawa ana tambayarta ko akwai wasu a ciki, tana cewa 'ya'yanta ne. Ita ma ranta ta ajiye a bakin ƙofar nan, kuma ba zan ba da shaida a kan sadaukarwa in tsallake ta ba. An yi kusan mako ana kashe-kashe, an ƙiyasta mutum wajen 1,000 suka mutu, duniya kuma ba ta waiwaye mu sosai ba domin a cikin kwanakin ne aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka. Maigidana a rediyo ya ji. Ya taho, rabin hanya a ƙafa, bai san ko zai tarar da mu da rai ba. Babban ɗanmu yana da shekara goma sha biyu a lokacin. Da ubansa ya shigo, ƙannensa suka ruga suka rungume shi, shi kuwa ya tsaya a jikin bango yana kallo. Na gani, na ɗauka tsoro ne bai sake shi ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba, a Fabrairun 2002 kasuwar Terminus ta ƙone da dare. Na ɗauko kaya bashi, ban sayar da ko rabi ba. Da gari ya waye muka tsaya daga nesa, mata da maza, Musulmi da Kirista da Inyamurai da Yarabawa, kowa hannu a ka. Lissafin da na yi a bayan littafin bashi daidai yake, amma gaba ɗayansa a kan rumfar nan yake tsaye. Sai daga baya na kula cewa maganar lissafin gini a Luka 14 ba a aya ta 28 ta tsaya ba, ta gangara har aya ta 33, inda ya ce wanda bai rabu da duk abin da ya mallaka ba, ba zai iya zama almajirinsa ba.

Wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa aikin akawu a wani kamfani a Abuja, da albashi mai kyau. Yaya ya ce ai Allah ne ya buɗe ƙofa. Maigidana ya zo ya zauna a bakin gado ya ce, "Uwargida, kin biya naki har da ƙari. Ba zan sake ɗora miki ba. Zan karɓi aikin." Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka mutanen ƙauyen suka zo jaje. A lokacin masu bi a wurin ba su cika benci uku ba. Sun hau a-kori-kura da buhun acca, da dawa, da kaji a ɗaure, da ɗan zuma a galan. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Hausarta kaɗan ce, ba ta taɓa shigowa birni ba. Ta ajiye ƙullin accarta daban a gabana ta ce, "'Yata, sannu da wuta." Da dare maigidana ya ba ni labarinta. Mijinta ne mai riƙe da tsafin unguwarsu. Ranar da ta ƙi dafa giyar bikin dodo saboda ta karɓi Yesu, aka fitar mata da kayanta waje. 'Ya'yan da ta haifa suka daina yi mata noma, jikokinta aka hana su cin abincin hannunta. Tana kwana a wata bukka kusa da ta Malam, haka suke kiran maigidana. Accar nan ita ta noma, ita ta yanka, ita ta sussuka, ita ta surfa, kuma duk wadda ta taɓa gyaran acca ta san irin wahalar da ke cikin mudu ɗaya. Abincinta na damina ne ta kawo mini.

Ba ta roƙe ni komai ba. Ba ta ma san da maganar Abuja ba. Na kwana ina tunanin cewa ni kaya na rasa, ita 'ya'ya ta rasa, kuma idan Malam ya bar wurin babu mai karanta mata ko aya ɗaya. Da asuba na ce masa, "Maigida, ka koma." Ya ce, "Da me za ku rayu?" Na ce, "Ka koma dai." A karon farko ina da rumfar da na jingina da ita. A wannan karo babu, kuma a ranar ce na san kiran ya zama nawa.

Zumuntar Mata suka ba ni kwasar farko a adashinmu, na koma kasuwar Farin Gada ina kasa tumatir da kabeji da dankalin Turawa. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ya san abin da ake nufi da fita tun duhu a tari motocin kaya. Matan da nake auna wa leshi a da sukan zo su tsaya a kaina suna taya tumatir. Waɗansu su kau da kai don kada in ji kunya, waɗansu su saya fiye da bukatarsu. Na yi shekaru ina biyan bashin atamfar da ta zama toka. Abincin Mama bai taɓa yankewa ba, na gode wa Allah, ko da ya zama mu gwate za mu sha safe da dare. Amma ƙannensa, ɗaya ne ya gama sakandare. Ɗayan ya bari, kuma har yanzu idan zance ya biyo ta nan yakan tashi ya fita.

Aiki ya yi ta tafiya a ƙauye. Malam ya fara da karatun manya da yamma, da ajin yara a gindin bishiya. Yaran da suka gama firamare ba su da sakandare kusa, sai aka fara turo mana su Jos. Ciki da falon nan ya koma makwancin 'yan makaranta. Ana shimfiɗa tabarma har bakin ƙofa, babban ɗana yana kwana a tsakiyarsu. Da ya gama sakandare ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a jami'a, muka nemi kuɗin rajista sama da ƙasa ba mu haɗa ba. Shekara ta zagayo, haka aka sake yi. Ranar da ya haɗa jakarsa ya ce da ni, "Mama, Baba yana da wurin 'ya'yan kowa, ban da nasa. Ranar da aka kusa yanka mu yana ina?" Na ce, "Ɗana, kada ka faɗi haka." Ya ce, "To ki ce mini ƙarya nake yi." Ban iya ce masa ba. Ya tafi Abuja, ya zauna a Mararaba, ya koyi aikin lantarki. Yaro ne mai zuciya, yana aiko mini da kuɗi, ya ɗauki karatun autarmu. Amma ya daina shiga majami'a, tsakaninsa da mahaifinsa kuma gaisuwa ce kawai.

Wannan ne ya sa jikina yake mutuwa idan na ji wa'azin da ya cika gari yanzu, wai ka shuka dubu ka girbe miliyan, wai duk wanda ya ba Allah zai ga mota a ƙofar gidansa. Idan haka ne, ina motar tsohuwar nan? Masu wannan wa'azi suna son Markus 10:30, inda Yesu ya yi wa waɗanda suka bar gida da dangi da gonaki saboda shi alkawarin ninki ɗari tun a wannan zamani. Amma sukan haɗiye ƙarshen maganar, inda ya ce tare da tsanani. Ga zaƙi ga harbi, haka ya faɗa tun farko, bai ruɗi kowa ba. Mu ba mu gina gida ba har yau. Bayan rikicin Janairun 2010, wanda a unguwarmu ya fara, muka bar Nasarawa Gwong muka koma haya a Kabong, Hajiya kuma ta koma wajen danginta a Anguwan Rogo. Garin ya rabu, ziyarar da a da taku biyu ce ta zama sai an yi shiri. Filinmu na hanyar Rukuba wani ya gina bene a kai. Nakan wuce ta wurin a Keke, kuma ba zan ce ba na jin komai ba.

Amma alkawarin ya cika, a yadda aka yi shi. Bitrus ne ya ce sun bar kome sun bi shi, Yesu kuma ya lissafa abin da za su samu: gidaje, 'yan'uwa maza da mata, uwaye, 'ya'ya, gonaki. Mutane ne mafi yawa a jerin. Mahaifiyata ta rasu ina da ƙaramin ciki na biyu, na daɗe ba ni da wadda zan kai wa kuka. Tsohuwar nan ta zama uwata. Duk rani takan zo ta yi makonni a wurina, ta tsefe wa 'yan matana kai, ta yi mini faɗa idan na fita ba rigar sanyi. Kafin ta rasu ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya maido ta gida, jikokinta kuma su ne suka fara cika ajin Malam. Lokacin da surukata ta kwanta ciwon ajali a ɗakina, 'yan matan ƙauyen nan ne suke juya ta, suna wanke ta, suna ba ta kunu a baki, 'ya'yan mutanen da take ganin sun ƙwace mata ɗa. Ba ta taɓa cewa ta yarda da tafiyarsa ba. Amma a kwanakinta na ƙarshe takan ce a kira mata Malam ya yi mata addu'a, ita da ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba.

Yaran da suka kwana a tabarmata, yau akwai nas a cikinsu, akwai malaman makaranta, akwai mai gyaran mota, akwai wanda yake riƙe da ikilisiyar ƙauyen a matsayin fasto. Duk Mama suke ce mini, ba kuma Mamar baki ba. A ƙauyen akwai majami'a mai rufin kwano, da firamare, da rijiyar burtsatse, kuma babu gidan da zan shiga a ce mini baƙuwa. A 2018 maigidana ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba shi da fansho, ba shi da inshorar lafiya. Samarin nan suka ɗauko shi a kan gadon kara suka haye rafi da shi. Su suka haɗa kuɗin asibiti, suka tsara wa kansu kwanan jinya ba tare da na roƙa ba. Har yanzu nas ɗin nan takan biyo bayan ta tashi aiki ta auna masa jini ta motsa masa hannu, kuma duk kaka buhun acca da na dawa suna iso mana.

Akwai kuma abin da ya fi wuyar faɗa, domin ba a auna shi da mudu. A da na san labarin Yesu. A shekarun Farin Gada na san shi. Lokacin da nake tafiya cikin duhu da sanyi, ba ni da kuɗin haya, ba ni da miji kusa, addu'ata ta daina zama jerin roƙo ta koma hira da wanda shi ma ba shi da wurin sa kansa, wanda 'yan'uwansa ma suka taɓa cewa ya zautu. Bulus ya kira wannan tarayya cikin shan wuyarsa, a Filibiyawa 3:10. Da an ba ni zaɓi a 1997 tsakanin wannan da benen hanyar Rukuba, ban san shi ba balle in zaɓe shi. Yanzu da na sani, ba zan musanya ba.

Kwanan baya ikilisiyar ƙauyen ta keɓe nata mai bishara, za ta tura shi wani wuri da ya fi nasu nisa. Amaryarsa ta zo wurina ta durƙusa ta ce, "Mama, ku gaya mini gaskiya, yaya abin yake?" Na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, har da na ɗana. Na ce ta riƙe sana'a a hannunta, ta bi mijinta in da hali kada su raba gida, kuma idan yara sun yi wayo a zauna da su a yi musu bayani, a saurari nasu, domin su ma suna biya. Na kuma aika wa dattawansu cewa ranar da za su ɗora wa saurayin nan hannu, su rubuta kuɗin makarantar 'ya'yansa da abincin mahaifiyarsa a cikin kasafin ikilisiya, kada su bar wa matarsa ita kaɗai. Sun karɓa, sun ce za su yi.

Ɗana ya yi aure, matarsa ta haihu namiji. Ya kira ni ya ce zai kawo yaron Jos da Kirsimeti kakansa ya gan shi, ya kuma tambaya ko Baba yana iya riƙe jariri da hannun hagu. Na ce yana iyawa. Maganar mahaifinsa ba ta fita sosai tun ciwon nan, kuma akwai abubuwa da yawa da ya kamata su faɗa wa juna. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan shaida ya sa su biyun a addu'a.